Ranar da Macaria Ta Gyara Gida

Macaria Tzunun ta rasu a girbin masarar da ya wuce, tana da shekara saba'in da wani abu. Abin da ke bayan saba'in ɗin ba wanda ya sani, don ubanta da aka aika ya rubuta sunanta a ofis ya tsaya shan giya a hanya, bai isa ba sai bayan shekara biyu ko uku. A Santa Rita, ƙauyenmu na kan duwatsun Totonicapán, in ka ce Macaria mai saƙa, sai a tambaye ka wacce daga ciki. In ka ce Macaria ta ɗakin girkin makaranta, yara za su gane. Tsofaffi kuwa a bayan idonta Macaria mai keken ɗinki suke ce mata, alhali ba ta taɓa mallakar keken ɗinki ba, ko taka shi ba ta iya ba.

Gidan ubanta shi ne na ƙarshe a bakin kwazazzabo. Tana 'yar shekara tara wani mai wa'azi ya biyo gida-gida, ya faɗa nasu ba sanarwa. Uwarta ta rasa abin da za ta ba shi ya zauna, ta kife masa tukunya. Mutumin ba ƙarami ba ne. Tukunya ta tarwatse, ya tashi da toka a wando, kafin la'asar labari ya gama ƙauye. Har ta yi aure yara 'yar gidan tukunya suke kiranta. Tun daga nan Macaria ta ƙulla a ranta cewa ba baƙon da zai sake samun gidanta tsirara.

Mu nan dama ba a karɓar babban baƙo da gida yadda yake. In an sa rana, maƙwabta ne ke tufatar da gidan. Wannan ta kawo kujera, waccan ledar tebur, wani ya aiko da rediyo. A shafe bango da farar ƙasa, a watsa ɗanyen ganyen pino, itacen dajinmu mai ƙamshi, har ya rufe ƙasan ɗaki, a yanka abin da ake da shi. Kuma abin da aka ara maka, muddin baƙo yana ciki, naka ne. Ba a cewa na wance ne. In ka faɗa ka kunyata kanka, ka kuma kunyata mai shi, kamar ka ce da gori ta ba ka. Ba yaudara ba ce, don baƙon namu ne. Ya san kujerar, ya zauna a kanta a gida uku cikin wata guda. Abin da yake gani shi ne kana da mutane.

Ta auri Eusebio, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda kowace shekara yake gangarawa gonakin rake na bakin teku. Wata shekara ya dawo da zazzaɓin da bai sake shi ba. Ya bar ta da ɗaki ɗaya, rufin kwano mai ƙofofi kamar rariya, da 'ya ɗaya, Fermina, 'yar shekara shida. Macaria ta ɗaure zare a ƙugu, ɗaya gefen a jikin ginshiƙi, ta durƙusa tana saƙa daga safe zuwa yamma. Da wannan suka ci baƙin wake da wainar masara, ranar da babu waken su ci wainar da gishiri.

Yarinyar kuwa kanta yana ja. Tun tana aji uku ita ke karanta wa layinsu wasiƙun mazan da suka tafi, da rubutun jikin kwalaben magani. Makarantarmu ɗaki biyu ce, a aji shida take tsayawa. Mai son wucewa sai sakandare a cikin gari, da kuɗin mota da kayan makaranta da littattafai da wurin kwana, kuma har lokacin ba 'yar Santa Rita da ta taɓa zuwa. Fermina tana cewa malamar makaranta za ta zama. Uwarta kuwa, in yarinyar tana karatu a bakin ƙofa, ko kaza Macaria ba ta bari ta yi kuka kusa.

Shekarar da Fermina take aji shida wata ƙungiya ta zo. Wai akwai mutane a ƙasashen waje, kowannensu zai ɗauki yaro ɗaya, a aika masa hotonsa, shi kuma ya ɗauki nauyin karatunsa har ya gama. Gurbi shida suka ba Santa Rita. Malam Genaro ya ba da sunan yara goma sha biyu, na Fermina a sama, aka ce wata mata za ta zo ta shiga gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Malam Genaro ya tare Macaria a hanyar injin niƙa.

"Doña Macaria, ranar Alhamis matar ƙungiyar za ta shigo gidanki. Don Allah ki bar gidan yadda yake."

"To, Malam."

"Da gaske nake. Kada ki wahalar da kanki."

"Na ji, Malam. Allah ya saka da alheri."

Kada ki wahalar da kanki. Wane baƙo ne ba ya faɗin haka? Har wanda ya ƙi karyawa don ya bar wa miyarki wuri yana faɗa. Da Malam ya buɗe baki ya ce mata matalauta ake nema, wanda ya fi kowa tsiya shi zai samu, da ta ji haushi amma da ta gane. Sai dai masu ilimi ba sa son kalmar, zagaye ta suke yi kamar kashin kare a hanya. Shi kuma yaro ne ɗan birni, mai kunya, bai shekara biyu da mu ba.

Ranar Litinin ta fara. Fermina ta dawo daga makaranta ta tarar da ita a kan benci tana shafe bango.

"Mama, Malam fa ya ce kada a taɓa komai."

"Malam gwauro ne, a faranti ɗaya yake ci yake sha. Me ya sani game da baƙo? Miƙo mini bokitin."

"Ya ce so suke su ga yadda muke zaune."

"To su ga mu mutane ne. Wanda zai ɗauki nauyinki shekara da shekaru, ki ce ya aiko a tarar da mu kamar a akurki? Wa zai zuba dukiyarsa a gidan da ba a share ba? Ke dai riƙe littafinki, ki bar mini nawa."

Ƙawarta Tomasa, wadda ta riƙe Fermina ranar baftisma, ita ta fi kowa zaƙewa. Ta kawo kujeru huɗu da farantan tangaran da rigar saƙin 'yarta mai tsuntsaye a wuya. Daga baya ta ce kusurwar ɗakin nan ta yi wayam, ta sa maza biyu suka ɗauko keken ɗinkinta, wanda shi kaɗai ne a layin. Aka samo rediyo. Ƙofofin rufi Macaria ta rufe su daga ciki da sabon saƙi mai ja da shuɗi wanda ta yi na sayarwa. Talo-talon da take kiwo tun watan Mayu saboda bikin waliyyiyar gari ya shiga tukunya.

Gida biyu gaba da nata, Pascuala, wadda ta taɓa aikatau a babban birni, tana zaune a ƙofa ta naɗe hannu. Ɗanta Rigoberto ma yana cikin sha biyun. Ko tsintsiya ba ta ɗaga ba, har aladenta ta kwance ya shiga tsakar gida.

"Macaria," in ji ta, "zo in gaya miki wata magana game da mutanen nan."

"Je ki ɗaure aladenki tukuna, sannan ki zo ki koya mini karɓar baƙi."

Pascuala ta ɗaga kafaɗa ta koma ta zauna.

Matar ta iso ranar Alhamis da hantsi. Yarinya ce ma, sunanta Odilia, takalminta ya sha taɓo, da takarda maƙale a jikin ɗan allo. Ta riga ta shiga gida biyar. Da ta tsallaka ƙofar Macaria sai ta tsaya, ta shaƙi ƙamshin pino, ta ce, "Gaskiya gidan nan ya yi kyau." Macaria ta ji maganar har cikin ƙashinta. Shekara talatin take jiran bakin da zai faɗa.

Aka zaunar da ita, aka zuba mata miya da cinyar talo-talo. Tana ci kaɗan-kaɗan tana tambaya.

"Rufin nan yana yoyo da damina?"

Odilia ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai ja da shuɗi.

"Mun gode Allah," in ji Macaria.

"Nama fa, kuna samu?"

"Ba ma rasawa. Ƙara miya, 'yata, ba ki ci komai ba."

"Keken ɗinkin can naki ne?"

Tomasa tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Fermina tana jingine da bango cikin rigar aro, ta ɗan buɗe baki. Uwarta ta dube ta sau ɗaya, yarinyar ta rufe shi.

"Nawa ne," in ji Macaria.

"Ke nan kina ɗinki ban da saƙa."

"Ana taɓawa."

Odilia ta yi ɗan zane a takardarta. Ta ɗauki hoton Fermina a gefen keken, ta yi godiya, ta tafi da ƙunshin waina da aka cusa mata a jaka. Da yamma aka mayar da kowane abu gidansa. Macaria ta yi ta zagaya ɗakin da babu kowa tana murmushi, tana cewa Tomasa, "Kin ji abin da ta ce da ta shigo?"

Bayan sati uku Malam Genaro ya tara iyaye a filin makaranta ya karanta suna shida. Macaria ta yi ta jira har ya naɗe takardar. Rigoberto na Pascuala yana ciki, yaron da sai ya ciji harshe yake rubuta sunansa. Ba laifinsa ba ne, kuma ya yi karatunsa ya gama, yau yana aiki a wani kantin magani a gari. Malam ya ƙi haɗa ido da Macaria. Da ta matsa masa ya ce an rubuta gidanta cikin masu hali: akwai sana'a biyu, akwai keke, akwai rediyo, ana cin nama.

Pascuala ce ta ƙarasa mata bayanin a hanyar gida. "Na ga kina ta hidima, na ce ko aure za a yi. Su mutanen nan rami suke nema su cike. Kika je kika rufe naki da saƙi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na fara. Kika ce in je in ɗaure aladena."

Washegari Macaria ta shiga motar gari, ta ja Tomasa a matsayin shaida. Suka sami ofishin ƙungiyar a bayan kasuwa, ɗaki ne mai hotunan yara a bango. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba ta tsaya a gaban tebur ta zazzage komai: kujeru na wance, rediyo na wane, rufi rariya ne, nama rabonsu da shi tun bikin bara.

"Ga mai keken nan. Tomasa, faɗa mata."

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Ko zare ba ta iya sa masa ba."

Odilia ta dafe goshi. "To Doña, me ya sa kika ce naki ne?"

"Baƙuwa ce ke."

Odilia tana jiran sauran bayanin. Macaria kuma tana ganin ta gama.

Odilia ba muguwa ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce takardu sun tafi babban birni, hotunan shidan sun riga sun ƙetare teku, kowane yaro ya sami mai shi. Ta yi alkawari baɗi sunan Fermina ne na farko. Fermina ta zauna shekara guda tana jira, kullum tana zuwa makaranta tana taya Malam da 'yan aji ɗaya don kada karatun ya tsere mata. Cikin daminar nan dutse ya zaftare a wani kwari, ya binne ƙauye biyu, ƙungiyar ta kwashe sabbin gurabenta ta kai can. Wa zai ce ba su yi daidai ba? Odilia ma ta bar aikin. Wanda ya gaje ta ya duba takardu ya ce bai ga wani alkawari ba.

Fermina tana da shekara goma sha huɗu ta bi wata 'yar baffanta zuwa babban birni aikatau. A bakin mota ta miƙa wa uwarta kwalbar maganin tari da zare mai ƙulli biyu ɗaure a wuyan kwalbar.

"Ƙulli biyu, cokali biyu ke nan. Tunda ba mai karanta miki."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ba da zafi ta faɗa ba. Da ta yi faɗa, da ta yi kuka ta ce Mama kin cuce ni, da Macaria ta sami abin riƙewa. Yarinyar ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Daga wanke-wanken gidan mutane ta koma kamfanin ɗinka riguna, ta yi shekara ashirin da wani abu a kan keke, har bayanta ya ranƙwafa. Ta auri wani da ya tafi arewa bai dawo ba. Ta kawo wa uwarta jaririyarta, Nélida, ta koma bakin aiki. Duk bikin shekara tana zuwa da sukari da sabulu, su zauna su yi hirar kowa da komai.

Da wata ƙungiyar ta fara ba yaran makaranta kunun masara da madara, aka nemi iyaye mata masu dafawa. Macaria ba ta da ɗa a makarantar lokacin, amma ita ta fara zuwa, kuma ba ta bar muciyar ba sai da gwiwoyinta suka ƙi hawan tudun. Ba a biyanta. Masifa kuwa sai wanda ya gani. Yaron da ya zo shan kunu ya tsere kafin darasi, har gida take binsa. In aka ji masu takarda za su zo, ita ke zagaya iyaye.

"Ke Juliana, na ga kin jiƙa farar ƙasa. Zubar da ita. Ki bar musu bangon su ga tsagar. In sun tambaye ki nama, ki ce a mafarki."

"Doña Macaria, ai da kunya."

"Kunyar yini ɗaya ce. Ni na san wadda ta fi ta tsawo."

Nélida ta kai aji shida, sunanta ya shiga cikin waɗanda za a duba. Fermina ta bugo waya gidan Tomasa, aka kira Macaria.

"Mama, ranar Talata za su zo."

"Na sani."

"Kada ki taɓa komai."

"Na ce na sani."

Ba ta taɓa ba. Abin da take koya wa mata shekara da shekaru, sai ranar ta san nauyinsa. Tun da safe ƙafafunta suka kai ta daji, ta ciko buhu da ganyen pino, ta dawo ta tsaya da shi a ƙofa, sannan ta kai shi bayan ɗaki ta ɓoye. Wani saurayi ne ya zo, mai ladabi, da waya a hannu. Ya ɗauki hoton rufi, ya ɗauki hoton murhu, ya roƙe ta ta tsaya kusa da tsagar bango. Ta tsaya. Ya tambayi inda zai zauna ya rubuta, ta nuna masa kututture. Bai san cewa a duk rayuwarta ba baƙon da ya taɓa fita gidan nan da ruwa zalla a cikinsa ba sai shi. Da ya tafi ta ɗauko buhun ta watsa ganyen a ɗaki, ta zauna a kai ita kaɗai.

Nélida ta samu. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, a wata ƙasa mai sanyi suka ɗauke ta, suna aiko da hoton karensu kowace shekara. Fermina ta zo raka ta makarantar gari. Bayan sun dawo, uwa da 'ya suna zaune suna ɓare masara, Macaria ta yi maganar da ta riƙe shekara talatin, ba tare da ta ɗago ba.

"Da yanzu ke ce malamar makarantar can. Ni na hana ki."

Fermina ta ci gaba da ɓarewa har ta gama zangarniyar hannunta.

"Ina tsaye a wurin, Mama. Ina da baki."

"Na harare ki."

"Kin sha hararata ina yin abin da na ga dama. Na san me take rubutawa, ina hango takardar daga inda nake. Kalma ɗaya ce, in ce na Mama Tomasa ne." Ta jefa totuwar cikin kwando. "Ban taɓa ganin gidanmu haka ba. Ban taɓa ganin fuskarki haka ba. Na ce bari ta gama cin abincin tukuna, sai in faɗa. Sai ta gama ta tashi."

Macaria ta ajiye masarar da ke hannunta. Ta zo ne a ɗora mata laifin ta ɗauka ta huta, sai ta tarar yarinyar ta daɗe da raba shi biyu ta ɗauki rabi, tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

"Talo-talon dai ya yi daɗi," in ji Fermina.

"Gishiri ya yi masa yawa."

"Ya yi."

Ba su sake komawa kan maganar ba. Macaria ta ga Nélida ta gama sakandare, ba ta ga ta gama makarantar koyon malanta ba, saura shekara guda.

Safiyar da za a binne ta, layin ya tufatar da gidan kamar yadda aka saba. Kujeru suka zo daga gida bakwai, aka shafe bango, aka watsa pino har tsakar gida. Fermina ce ta hau benci da kanta ta rufe ƙofofin rufi da saƙin ƙarshe da uwarta ta bari. Tomasa, wadda yanzu sai da sanda, ta zauna tana ba da umarni, ta dubi kusurwar ɗaki ta ce ta yi wayam.

"Bar ta haka, Mama Tomasa," in ji Fermina.

Aka bar ta.